ƳAƳANMU DIREBOBIN MOTAR SANYI: JAWABIN DA AKA YI A TARON ƘUNGIYA NA BAYAN SALLA

 

Mai gari, Allah ya ja zamaninka. Malam Liman, Allah ya gafarta malam. Iyayenmu maza da mata, yayyenmu da ƙannenmu da kuka zo daga Yamai, da Maraɗi, da Kano, da bakin teku, muna yi maku barka da salla, muna yi maku sannu da hanya.

Kwamitin ƙungiya ya aike mu mu zauna da ƴaƴan garin nan masu tuƙin manyan motocin sanyi, waɗanda ake ce ma firigo, mu ji daga bakinsu yadda aikin yake, sa'an nan mu kawo ma taro. Dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne. Kowa ya san akwai gonar da aka jinginar a garin nan saboda kifin da ya lalace a kan hanya, kifin da mai gonar bai taɓa gani da idonsa ba. Ga shi kuma samari da yawa suna neman a kai su wannan aiki. Mun zauna da direbobin dare uku. Abin da za mu faɗa nasu ne. Namu kawai lissafi da jerawa, irin na malaman lakkol. Sun roƙe mu kada mu kama suna, kuma ba za mu kama ba.

Da farko mu san motar. Ta bambanta da kamiyon da ke ɗaukar gero ko siminti. Bayanta akwati ne mai kaurin bango, a goshinsa akwai wani inji na dabam, da nasa tankin gazuwal. Wannan inji shi ke riƙe sanyi, ko motar tana tafiya ko tana tsaye. Wani baƙar fata ɗan Amurka, Frederick Jones, makanikin da ya koyi yawancin saninsa da kansa, shi ya ƙera irinsa na farko wajen shekarar 1938, kuma daga aikinsa kamfanin Thermo King ya taso, wanda za ku ga sunansa a goshin motoci da yawa.

Kowane kaya da nasa awon. Kifin ƙanƙara da kajin ƙanƙara suna son digiri 18 ƙasa da sifiri, ko sanyin da ya fi haka. Ɗanyen nama yana son tsakanin sifiri da digiri 4. Allurar rigakafin da ake yi ma yaranmu yawancinta tana son tsakanin digiri 2 da 8. To, ku tuna zafin watan Afirilu a ƙasarmu, ran da awo ya wuce digiri 42. Tsakanin cikin akwatin nan da wajensa akwai digiri 60. Abin da ya raba su bango ne da inji guda.

Akwai kuma abin da direbobin suka ce mu jaddada. Injin nan ba ya daskarar da kaya. Sanyin da kayan suka zo da shi yake tsarewa. In an yi lodin kifin da ya riga ya fara saki a rana, haka zai iso. In an cika akwati har rufi, iska ba ta sami wurin zagayawa ba, kayan da ke kusa da inji su daskare, na bakin ƙofa su narke. Ke nan kaya suna iya lalacewa tun direba bai tada mota ba.

Sai hanya. Wanda ya yi lodi a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, zai bi Faraku, da Kandi, da Malanbil, ya ƙetare gadar Kwara zuwa Gaya, ya hau Doso. Daga nan ko ya juya Yamai, tafiyar da ta haura kilomita 1000 in an haɗa, ko ya miƙe gabas: Dogon Dutsi, Ƙwanni, Madawa, Maraɗi, Tasawa, har Damagaram, wajen kilomita 1600. A kan wannan hanya akwai duwan, akwai jandarma, akwai ƴan sanda, akwai ma'aunin nauyi. Mai ɗauke da siminti in an tsai da shi kwana biyu, sai ya shimfiɗa tabarma ƙarƙashin mota ya dafa shayi. Mai ɗauke da kifi kuwa, kowace awa gazuwal ɗinsa ke ƙonewa. Wanda ya tare shi ya san da haka, shi ya sa cinikinsu ba ya daɗewa.

Bari mu yi lissafi a kan allo. Mu ce injin sanyi yana shan lita 3 a awa, kamar yadda direbobin suka ce yana yi a lokacin zafi. Kwana guda lita 72 ke nan. Kwana 5, lita 360. Kwana 10, lita 720. Wannan ban da abin da motar kanta ke sha. In mai mota ya ba da kuɗin kwana 5, hanya ta ci kwana 10, wa zai biya sauran? Wannan tambaya ita ce tushen yawancin rigimar da ke cikin aikin.

Ba mu ce aikin babu alheri ba. Direbobin sun shaida cewa a kamfani mai tsari albashi yana zuwa ƙarshen wata, ana gyara mota kan kari, kuma ba a yi masu lodin da ya wuce ƙa'ida kamar yadda ake yi ma wasu. Cikinsu akwai wanda ya rufa ma iyayensa ɗaki da kwano, akwai wanda ya aurar da ƙannensa biyu. Da muka gina aji na uku na lakkol, sun ba da nasu.

Amma ga abin da ba mu gani in sun shigo gari da sabuwar shadda. Na farko, barci. Injin yana daf da bayan kan direba, yana ruri dare da rana. Babban cikinsu, wanda ya yi shekara 14 a kan hanya, ya ce mana rurin ba ya hana shi barci kuma. Shiru ne ke tada shi. Ko a ɗakinsa na nan gari, in dare ya yi tsit, sai ya zabura yana laluben tocila, yana tsammanin inji ya mutu. Na biyu, gaggawa. Mai kaya yana bugo waya yana tambaya an kai ina, sai yaro ya yi tuƙin da ya wuce ƙarfinsa. Daga goro da kofi wasu suka koma tramol, kuma mun san inda wannan hanya take kaiwa: ko rami, ko asibiti. Na uku, jiki. Mutum ya fito daga rana yana zufa, ya shiga akwatin ƙanƙara da riga guda don ya taya sauke kaya. Na huɗu, ƙofarsa a like take da hatimi. Ba ya ɗaukar fasinja, ba ya ɗora buhu a sama ya sami ɗan na kashewa kamar sauran direbobi. Abin da ke hannunsa mai sayuwa guda ne, gazuwal.

Nan jarrabawar take. In dare ya yi sanyi, sai zuciya ta ce: kashe injin awa 4, babu mai sani, ka sayar da abin da ya ragu. Da safe a tada inji, kifi ya sake ƙanƙarewa, a kai shi kasuwa. Amma kifin da ya narke ya sake daskarewa ba ya komawa yadda yake. Irin wanda ake kira makaro, in ya ji ɗumi, wata guba tana taruwa cikin namansa, wadda dahuwa ko suya ba su kashe ta. Wanda ya ci sai fuska ta yi ja, jiki ya yi ƙaiƙayi, kai ya yi ciwo, ga amai da gudawa. Wa ke cin wannan kifi? Mu ne, da ƴaƴanmu da ke birni. Iyayenmu mata, in kun ga kwalin kifi ya jiƙe ya bushe, ko jini ya daskare a gindinsa, ko kifin ya manne ya zama dunƙule guda, ku bar shi.

Yanzu mu zo ga maganar gonar. A ranar 26 ga Yuli 2023 sojoji suka karɓi mulki a Yamai, ranar 30 ga wata CEDEAO ta sa a rufe iyakoki. Motoci suka yi layi a Malanbil. Cikinsu akwai ta ɗanmu, cike da kifi. Kuɗin gazuwal ɗin da aka ba shi suka ƙare. Ya buga waya aka ce ya jira. Ya sa nasa, ya sayar da wayarsa ta biyu, ya ci bashi wurin ƴan'uwansa direbobi, har ranar da babu sauran abin sawa. Kifi ya ruɓe. Da aka zo hisabi, mai mota ya ce ai ya ba shi gazuwal isasshe, shi ya sayar. Yaro ya rantse. Aka ce ya kawo shaida. Ba shi da takardar da ta nuna nawa aka ba shi, ba shi da rasit na abin da ya saya, ba shi da takardar ɗaukar aiki. Mahaifinsa ya ji tsoron a ɗaure masa ɗa, ya jinginar da gona.

Akwai sauran magana, kuma yaron da kansa ya ce mu faɗe ta. Shekara guda kafin wannan, an taɓa kama shi ya sayar da gazuwal. Don haka ran da ya faɗi gaskiya babu wanda ya yarda. Muka tambaye shi me ya yi da kuɗin wancan karo. Ya ce saƙo ne ya same shi daga gida, an yi haihuwa, ana jiran ragon suna, kuma an ce masa direban firigo ba ya rasa kuɗi. Jama'a, wannan saƙo daga garin nan ya tashi. Mu da ke zaune nan muna da hannu cikin abin da ya faru.

Kada kuma mu ce wannan tsautsayin shekara guda ne. CEDEAO ta ɗage takunkumi a watan Fabrairu 2024, amma gadar Gaya ta zauna a rufe daga ɓangarenmu, kaya suka koma bin hanyar Lome, su ratsa Burkina ta Kaya da Dori su shigo Tera, cikin ayari da rakiyar soja, a kan kuma daɗe ana jira kafin ayari ya tashi. Kafin wannan, Najeriya ta rufe nata iyakoki daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Hanya tana iya toshewa ko yaushe. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Saboda haka muna kawo ma taro shawara biyar.

Ta farko: duk yaron da za a kai wannan aiki, sai ya iya karanta lamba da rubuta ta. Wanda bai san bambancin 18 da ke ƙasa da sifiri da 18 da ke samansa ba, zai sa hannu a kan abin da zai ɗaure shi. Mu malaman lakkol mun ɗauki alkawarin buɗe aji da dare a lokacin damina ga direbobi da yaran mota, kyauta. Fitila kawai muke roƙon ƙungiya.

Ta biyu: kowane direba ya riƙe ɗan littafi. Ya rubuta awon kayan ranar lodi, a gaban mai lodin. Ya rubuta abin da inji ya nuna safe, da rana, da dare. Ya rubuta gazuwal ɗin da aka ba shi, ya adana rasit na wanda ya saya. Mai waya ya ɗauki hoto. In kaya sun zo da ɗumi, ya sa a rubuta a takardar lodi kafin a like ƙofa.

Ta uku: kada uba ya miƙa ɗansa ga mai mota da baki kawai. A nemi takardar ɗaukar aiki, a tambaya ko an rubuta shi a asusun CNSS, domin wajibi ne a kan mai ɗaukar ma'aikaci, kuma shi ke tsaya ma mutum ranar haɗari da ranar tsufa. A kuma tsai da magana tun farko: in hanya ta toshe, gazuwal a wuyan wa yake?

Ta huɗu: in rigima ta taso, kada kowa ya taɓa gona ko dabba sai an sanar da kwamiti. Ƙasarmu tana da dokar ƙwadago ta 25 ga Satumba 2012, akwai sufeton ƙwadago da ke sasanta ma'aikaci da uban gidansa, in bai yiwu ba akwai kotu. Ƴan'uwanmu na Yamai da Maraɗi da Damagaram su ware mutum guda a kowane gari wanda zai raka ɗanmu can.

Ta biyar tamu ce, mu na gida. Iyayenmu, ku gafarce mu, yaro ba ya yi ma babba wa'azi. Amma muna roƙo: mu tambayi ɗanmu nawa yake samu kafin mu faɗa masa nawa muke so. Wanda ya ce babu a wannan wata, mu yarda da shi. Sa'an nan ku direbobi, kayan nan amana ne, na mai su da na mai cin su. Ku bar inji ya yi aikinsa. In barci ya zo, ku tsaya, yaron mota ya yi gadin inji.

Game da gonar da aka jinginar, direbobin sun ce za su fara sa nasu don a fanso ta kafin shuka. Ma'ajin ƙungiya yana nan da littafi bayan an tashi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya kiyaye ƴaƴanmu a kan hanya, ya ba su abin halal, ya maido mana su lafiya. Allah ya ba mu damina mai albarka. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure namu ne. Mai gari, Malam Liman, mun mai da magana gare ku.