AKWATIN MAGANI NA MAKARANTA DA GIDAJEN DA KE CIKA SHI

Lacca domin Hakimai da Malamansu

Duk Hakimin da ya saba zaga makarantun ƙasarsa ya san ɗan akwatin nan da a ke ajiyewa a ofishin Hedimasta, mai auduga da bandeji da filasta da almakashi a ciki. Abu ne ƙarami, har ba a kan kula da shi ba sai ran da yaro ya fasa kai. Amma ko wane abu da ke cikinsa yana da tarihi, kuma mafi yawan tarihin nan ya bi ta hannun waɗansu gidajen ciniki na Amurka, waɗanda uba ya kan bar wa ɗa, ko wa ya bar wa ƙane. Za a bayyana labarin babba daga cikinsu, da yadda makaranta ta zama abokiyar cinikinsu, da abin da ya riƙe sana'ar har ta yi ƙarko.

Asalin sana'ar

A zamanin da, ko a manyan asibitocin Turai, likita ya kan ɗaure miki da audugar da aka sharo daga masaƙa, ko da tsumman da ya samu kusa. Mutane da yawa su kan tsira daga wuƙar likita, sa'an nan ruɓar miki ta kashe su. Wani likita Bature, Joseph Lister, wanda ya ke aiki a Gilasgo, shi ya nuna cewa ƙwayoyin cuta ne waɗanda ido ba ya gani su ke jawo ruɓar, kuma in an wanke hannu da kayan aiki da mikin da ruwan kabolik, a kan rage mutuwa ƙwarai. Ya buga bayanin wannan a 1867. A 1876 ya je Filadalfiya ta Amurka ya yi jawabi, cikin masu sauraro kuwa akwai wani mai sana'ar magani, Robert Wood Johnson, wanda ya koyi aiki a kantin magani tun yana ɗan shekara 16.

Abin da Johnson ya lura da shi shi ne, hanyar Lister tana da wuyar bi ga likitan ƙauye, domin ba shi da lokaci ko wurin da zai tsabtace ko wane ƙyalle da kansa. Sai ya ga in wani ya ɗauke masa wannan wahala, ya kawo masa audugar a tsabtace, a ƙunshe, a shirye, to, an sami abin sayarwa. A 1886 ƙannensa biyu, James da Edward, suka kama hayar wani tsohon gini a garin New Brunswick cikin jihar New Jersey, da ma'aikata 14, mata 8 da maza 6. Kafin shekarar ta ƙare Robert ya zo ya haɗu da su da jarinsa. Sunan kamfanin Johnson & Johnson. A 1888 suka buga ɗan littafi mai koyar da sabuwar hanyar jiyyar miki, suka rarraba wa likitoci da masu kantin magani kyauta, domin sun gane cewa ba mai sayen kayan da bai san amfaninsu ba.

Akwatin farko

Akwatin nan ba don makaranta aka fara yinsa ba, don ma'aikatan reluwe ne. Bisa ga labarin da kamfanin ya adana, Robert Johnson yana cikin jirgin ƙasa zuwa Kolorado sai ya zauna kusa da babban likitan wani kamfanin reluwe. Likitan ya koka masa cewa leburori su kan ji rauni a daji, nesa da asibiti, kafin a kai su gari jini ya ƙare ko mikin ya ɓaci. Da Johnson ya komo gida bai yi gaggawar cika akwati da abin da ya ga dama ba. Sai ya rubuta wa likitocin reluwe takardu yana tambayarsu abin da su ke bukata. Da amsoshinsu aka shirya akwatin, aka fara sayarwa a 1888. A 1901 kuma aka buga littafin taimakon gaggawa, don mutumin da ba likita ba ne ya san abin da zai yi da abin da zai bari kafin likita ya iso.

Yadda makaranta ta shigo

A ƙarshen ƙarni na 19 birnin Niyok ya cika da baƙi matalauta daga ƙasashen Turai, suna zaune a cunkushe. Makarantu suka zama matattarar ƙazwa da makero da ƙwarƙwata da ciwon ido. Birnin Boston ya fara aika likitoci duba 'yan makaranta a 1894, Niyok ta bi a 1897. Amma aikin likitan bai wuce ya duba yaro ba, in ya ga cuta ya ba shi takarda ya kore shi gida. Iyaye da yawa ba su iya karanta takardar ba, ba su kuma da kuɗin magani. Yaron ya kan fita titi ya yi wasa da waɗanda aka raba shi da su a aji, ya rasa karatu, cutar kuwa tana nan.

Wata nas mai suna Lillian Wald, wadda ta kafa gidan taimakon talakawa na Henry Street, ta roƙi hukumar birni a gwada wata dabara wata ɗaya. A watan Oktoba na 1902 aka sa wata nas, Lina Rogers, ta kula da makarantu 4 masu yara wajen 10,000. Ta kan wanke miki ta ɗaure a makaranta, yaro ya koma aji. Bayan an tashi kuma ta bi gida-gida tana nuna wa uwaye yadda za su ci gaba da jiyya. Ba ta da ɗaki na kirki, wani lokaci bakin taga ne teburinta. Da hukuma ta ga amfanin, ta ɗauki waɗansu nas-nas 12. A watan Satumba na 1902 yara 10,567 aka kora gida saboda cuta. A Satumba na 1903 aka kori 1,101 kaɗai. Ingila ma ta yi dokar duba lafiyar 'yan makaranta a 1907.

Daga nan makaranta ta zama mai sayen kayan jiyya ko wace shekara, gama nas ba ta aiki da hannu wofi.

Filastar yara

A 1920 wani ma'aikacin gidan Johnson, Earle Dickson, wanda aikinsa sayen auduga ne, ya ga uwargidansa tana yawan yankewa wajen girki. Ya ɗora 'yar auduga a tsakiyar filasta, ya rufe da wani ƙyalle, don ta iya yanka ta ɗaura wa kanta. Kamfani ya fito da ita kasuwa a 1921 da sunan Band-Aid. Da farko ba ta karɓu ba, domin da hannu a ke yinta, doguwa mai inci 18, sai an yanka da almakashi. A 1924 aka sami injin da ke yanka ta ƙanana. Kamfanin ya kuma raba ta kyauta ga 'yan Sikawut, yara suka kai ta gidajensu, har ta zama ba a rasa ta a akwatin ko wace makaranta.

Ƙananan gidaje

Babban kamfani mai masaƙa ba ya iya bin makarantu ɗaya-ɗaya da odar bandeji goma. Saboda haka waɗansu ƙananan gidaje suka tsaya tsakani. A kewayen Shikago akwai kamfanin MacGill, wanda ya ke lissafin shekarunsa daga 1904, da kuma School Health Corporation, wanda aka kafa a 1957 a matsayin sana'ar iyali ɗaya. Hanyar cinikinsu ita ce su tara kaya daga masana'antu dabam-dabam, su buga littafi mai sunan ko wane kaya da farashinsa, su aika wa nas ɗin makaranta. Ita kuwa ta kan yi odarta gwargwadon kuɗin da hukumar ilmi ta yanka mata na shekara, yawanci kafin a dawo daga babban hutu.

Wanda ya jera littattafan nan na shekaru zai ga tarihin lafiyar yara a ciki. Da fari auduga ce da bandeji da sikelin awo da allon gwajin ido, irin wanda likita Herman Snellen na ƙasar Holan ya tsara a 1862, wanda yaro ya kan karanta daga nisan ƙafa 20. Daga baya aka ƙara na'urar gwajin ji. Bayan 1991, da Gwamnatin Amurka ta kafa ƙa'ida kan cututtukan da a ke ɗauka ta jini, safar hannu ta roba ta zama dole. A 2013 aka yi dokar da ta ƙarfafa makarantu su ajiye allurar adirenalin, domin yaron da numfashinsa zai sarƙe in ya ci abin da jikinsa ba ya ɗauka, kamar gyaɗa. Riba a kan ko wane kaya kaɗan ce. Abin da ke riƙe irin wannan gida shi ne nas ta dawo baɗi, kuma ba za ta dawo ba in an taɓa aiko mata da kaya marasa kyau ko a makare.

Batun gado

Gidan Johnson ya daɗe a hannun masu shi. Edward ya rabu da 'yan'uwansa ya kafa nasa kamfani na abincin jarirai. Robert ya rasu a 1910, ƙanensa James ya riƙe har 1932, sa'an nan ɗan Robert, mai sunan ubansa, ya hau. Shi ne a 1943 ya rubuta ƙa'idar gidan, inda ya sa haƙƙin likitoci da marasa lafiya da iyaye a gaba, na ma'aikata ya biyo, sa'an nan na jama'ar gari, masu jari kuwa a ƙarshe. A 1944 aka fara sayar wa jama'a hannun jarin kamfanin, a 1963 kuma shugabanci ya koma ga wanda ba ɗan gidan ba. A 2023 aka ware sashen da ke yin Band-Aid ya zama kamfani dabam mai suna Kenvue. Watau girma shi ya fitar da sana'ar daga hannun iyali, sunan kaɗai ya rage.

Abin da ya shafi Hakimi

Labarin nan na wata ƙasa ne, amma akwatin yana cikin makarantun ko wace gunduma. Abin da Niyok ta gani a 1902 shi ne kaya ba su warkar da kowa sai da mutumin da aka ɗora wa alhakinsu. Saboda haka in Hakimi ya je rangadi, ya kyautu ya sa a buɗe akwatin a gabansa, ya tambayi wane malami ne ke riƙe da shi, da ko an koya masa wanke miki. Malamin Hakimi kuwa ya duba littafin ajiya, ya ga abin da ya shigo da abin da aka yi amfani da shi, da ranar da ko wane magani zai daina aiki, da lambar hukumar NAFDAC a jikinsa. In ƙarewar kaya ta gabato, a rubuta wa hukumar ilmi tun da sauran lokaci, a kuma lura da ɗan kasuwar da ya saba cika alkawari, a riƙe shi. Gyambon da ke hana yaro zuwa makaranta wata biyu, galibi ɗan ƙurji ne da aka rasa abin wanke shi a ranar farko.