Hawan Jinin Ido: A Riƙe Abin Da Ya Saura

  Uwargida, in kina kan tankaɗe ne ko tsintar shinkafa, ci gaba da aikinki, kunne kawai nake roƙo ki ara mini, domin yau zancenmu a kan ido ne.

Akwai wani ciwon ido da likitoci ke kira gilakoma, mu kuma muka fi saninsa da hawan jinin ido. Sunan nan yakan rikita mutane, har wata ta ce, "Ai ni an auna jinina, lafiya lau yake." To, ba jinin da ake aunawa a damtse ake nufi ba. A cikin ƙwayar idon kowannenmu akwai wani ruwa garai-garai, wanda ba hawaye ba ne, ido ne ke samar da shi dare da rana, yana kuma fita ta wasu 'yan ƙananan hanyoyi. Ki ɗauki misalin rariyar tsakar gidanki da damina. In rariya a buɗe take, ruwa sai ya wuce abinsa. In kuwa ta toshe, sai ya taru ya kwanta, a hankali ya riƙa cin gindin katanga. Haka yake a ido: ruwan in bai samu hanya sosai ba sai ya taru, ya riƙa danne jijiyar da ke kai gani zuwa ƙwaƙwalwa, jijiyar kuma ta riƙa mutuwa kaɗan-kaɗan. Likitoci suna da na'urar auna wannan matsi. A yawancin masu lafiya awon yakan tsaya tsakanin 10 da 21, ko da yake akwai waɗanda ciwon ke kamawa alhali awonsu bai haura haka ba, shi ya sa likita ba ya tsayawa a awo kaɗai, sai ya leƙa jijiyar kanta.

Kada mu haɗa shi da yanar ido. Ita yana, in an yi aiki an cire ta, da yardar Allah gani yakan dawo. Shi kuwa wannan, abin da ya ci ya ci ke nan, babu ɗigo, babu tiyata, babu tabarau da zai dawo da shi. Amma abin da ya saura ana iya riƙe shi har ƙarshen rayuwa, kuma wannan shi ne maƙasudin hirarmu ta yau.

Mugun halinsa shi ne ba ya sallama. Irin wanda ya fi yawa a ƙasarmu ba ya zafi, ba ya ƙaiƙayi, ido ma ba ya ja. Ta gefe yake fara ci, ya bar tsakiya sai daga baya. Shi ya sa za ki ga baiwar Allah tana iya zura zare a allura, amma kullum tana tuntuɓe da turmi, tana ture buta, ko yaro ya rarrafo ta gefenta ya nufi murhu ba ta gan shi ba. Sai a ce ta cika garaje, ko a ce tsufa ne, alhali ganinta ne ke tsukewa kamar mai leƙe ta bakin tulu. Binciken makanta da aka yi a faɗin Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna cewa bayan yanar ido, wannan ciwo ne ya fi makantar da mutane. A cikin mutum 100 da suka kai shekara 40, kimanin 5 suna ɗauke da shi, kuma mafi yawansu ba su ma san suna da shi ba.

Wa ya kamata ta fi lura? Wadda ta kai shekara 40, da mai ciwon suga, da wadda ta taɓa buguwa a ido, sannan uwa-uba wadda a danginsu akwai mai shi, domin yana bin jini. Mu baƙar fata kuma yakan kama mu da wuri fiye da wasu jinsunan. In mahaifiyarki ko yayanki ya makance a hankali ba tare da an san dalili ba, kada ki jira sai kin ga alama, je ki a duba ki.

To, yanzu ke da likita ya riga ya shaida wa kina da shi, ya kuma rubuta miki maganin ɗigawa, matso kusa, da ke nake. Na san abin da ke zuwa a ranki bayan wata biyu ko uku: "Ina ta ɗigawa, ban ga wani sauyi ba, kuɗi kawai ake zubarwa." 'Yar'uwa, rashin sauyin nan shi ne nasarar. Aikin maganin shi ne ya rage matsin ruwan, don ganin da kike da shi yau ya kai ki baɗi da baɗin baɗaɗa. Ranar da kika ajiye kwalbar, matsin zai koma hawa ba tare da kin ji komai ba, sai an wayi gari wani yanki ya sake tafiya. Magani ne na kullum, kamar yadda mai ciwon suga ke riƙe da nata.

Ga yadda ake ɗigawa. Ki wanke hannu da sabulu, musamman in kin taɓa barkono ko attarugu. Ki zauna ko ki kwanta, ki ɗaga kai sama, ki ja fatar idon ta ƙasa da yatsa, ki ɗiga ɗigo ɗaya tak. Biyu ko uku ɓarna ce, ido ba ya riƙe fiye da ɗaya. Kada bakin kwalbar ya taɓa ido ko gashin ido. Sai ki rufe idon a hankali, ki danne lungun da ke kusa da hanci da yatsa na minti biyu, don kada maganin ya gangara maƙogwaro. In iri biyu aka ba ki, ki bar aƙalla minti 5 tsakaninsu. In hannunki na rawa, ki koya wa 'yarki ko abokiyar zamanki ta riƙa sa miki, ba abin kunya ba ne.

Batun mantuwa kuwa, ai muna da agogon da ba ya tsayawa. In sau biyu ne a rana, ki haɗa shi da sallar Asuba da ta Magariba, tazararsu ta yi kusan daidai. In na dare ne sau ɗaya, kamar wanda ake kira latanoprost, ki haɗa shi da Isha'i. Da azumi ma kada ki ajiye magani wata guda cur. Tun kafin watan ya kama ki tambayi likita ko za a mayar da shi lokacin sahur da bayan buɗa-baki, abin da ya shige miki duhu na hukunci kuma a tambayo miki malamai. Ki adana kwalbar a inuwa mai sanyi, nesa da murhu da hasken rana da hannun yara. Yawanci in an buɗe kwalba ta yi mako 4, sai a sake sabuwa. Ki riƙa sayen wata tun ta hannunki ba ta ƙare ba.

Akwai abubuwan da dole ki gaya wa likita. In kina da asma ko ciwon zuciya, ki faɗa, domin maganin da ake kira timolol yana iya tayar da numfashi. In kina da juna biyu ko kina shayarwa, ki faɗa. In kuɗin maganin ya fi ƙarfin gidan, shi ma ki faɗa ƙarara, kada ki koma ɗigawa yau ki tsallake gobe don kwalba ta daɗe. Likita zai iya sauya miki mai sauƙin kuɗi, ko ya ba da shawarar aikin haske da ake kira leza, ko tiyatar da ake buɗe wa ruwan sabuwar hanya. Kada ki ji an ce tiyata ki gudu gida. Wance da ake ba ki labari an yi mata aiki ba ta gani ba, sau da yawa ta je ne bayan jijiyar ta riga ta ƙare.

Ki kuma kiyayi maganin "wance ta sa ta ji daɗi". Akwai magungunan ɗigawa da ake saya a kemis don jan ido ko ƙaiƙayi masu ɗauke da sinadarin sitiroyid. In aka daɗe ana sa su ba da umarnin likita ba, su da kansu suna hawar da matsin ido. Wasu mayukan bilicin ma suna da irin wannan sinadari. Haka nan ruwan ganye, ruwan suga ko nonon uwa, babu wanda ke buɗe rariyar nan, sai dai su jawo wani ciwon a kan wani.

Abu biyu ba a kwana da su. Na farko, ido ya yi ja farat ɗaya da azababben ciwo, da ciwon kai da amai, kina ganin kamar bakan gizo kewaye da fitila. Na biyu, jaririn da baƙin idonsa ya yi girma fiye da kima, ya yi hazo-hazo, yana yawan hawaye, yana gudun haske. Mukan yaba mu ce dara-daran idanu gare shi, alhali wani lokaci ciwon ne. Duka biyun asibiti za a nufa a ranar.

Maigida, na san kana jin mu daga zaure ko daga rumfar kasuwa. Wadda ke cikin gida ba za ta fita ba sai da izininka, kuma kuɗin mota da na magani a aljihunka suke. In likita ya ce ta dawo bayan wata uku, a taimaka a kai ta ranar, ko da ta ce ba abin da ke damunta. Akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, akwai asibitin ido na ECWA a Kano, asibitocin koyarwa da manyan asibitocin jihohi ma suna da sashen ido. Kuɗin kwalba ɗaya a wata ya fi sauƙi a kan a wayi gari uwar 'ya'yanka sai an ja ta zuwa banɗaki.

Ke kuma uwargida, ki gyara gidanki yadda zai taimake ki. Kowane kaya ya samu mazauninsa, a daina barin turmi da bokiti a kan hanya, a ƙara haske a ɗaki da madafa, ki kuma saba da juya kai dama da hagu kafin ki taka. Sannan ki aika wa 'yan'uwanki na jini, maza da mata, ki ce su je a duba su. Kada ki ɓoye don gudun a ce danginku na da ciwo. Saƙon nan naki yana iya zama sanadin tsirar idon ƙanwarki. Hausawa dai sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira.

A nan za mu dakata sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya bar mu da ganinmu har ƙarshen kwananmu. A gaida yara. Wassalamu alaikum.