Sunan Harafi Daban, Muryarsa Daban

Jawabin da aka gabatar a zaman ƙara wa juna sani na malaman firamare daga Ikara, Maƙarfi da Kudan



Dukanmu mun ji kalmar Omikron a shekarar 2021, lokacin da aka raɗa wa wani nau'in cutar korona wannan suna. Omikron harafi ne na Girkanci, ma'anarsa kuwa "o ƙarami". Yana da ɗan'uwa, Omega, wato "o babba". Duk wanda ya zauna gaban malamin allo zai ji abin bai yi masa baƙo ba, don mu ma muna da ha ƙarami da ha babba. Da wannan ƙofa nake so in shiga zancen da aka ba ni, wato yadda muke koya wa yara furucin baƙaƙe da wasula.

Girkawa, waɗanda littattafan Larabci ke kira Yunan, sun ari haruffansu daga Finiƙiyawa, mutanen gaɓar tekun da Labanon take a yau, wajen ƙarni na takwas kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Rubutun Finiƙiyawa baƙaƙe ne zalla. Girkawa suka ɗauki waɗansu baƙaƙen da harshensu ba ya bukata, suka mai da su wasula. Alfa da beta nasu, da alif da ba namu na allo, tsatsonsu ɗaya. Daga Girkanci rubutun ya isa ga Rumawa, daga Rumawa ya isa ga Turawan da suka kawo mana boko. Ashe allo da boko 'yan kaka ɗaya ne, tafiya ce ta raba su.

Sai dai harafi yakan zauna a takarda, baki kuwa ya yi gaba. Bagirken yau yana furta ita, da yota, da ipsilon, da tagwayen wasulan nan ei da oi, duka da murya guda, wato "i". A zamanin da kowannensu da tasa muryar. A 1528 wani masani mutumin Holan, Erasmus, ya wallafa littafi a kan daidaitaccen furucin Latin da Girkanci, yana neman a koma ga furucin mutanen farko. Cikin hujjojin da masana suka riƙe har da kukan tunkiya. Wani marubucin wasan kwaikwayo na tsohuwar Atina ya rubuta shi da beta da ita. In aka karanta da bakin yau sai a ji "bi bi" da ɗan huci, irin "v" na Turanci. To, wa ya taɓa jin tunkiya ta yi haka, ko a Atina ko a kasuwar Maƙarfi?

Mu ma bakinmu ya yi wa Larabci irin wannan aiki. Harafin da almajiri ke kira lodi shi ne ya ba mu "l" a cikin alƙali da alwala da lalura. Shi ya sa malaman tajwidi ba sa yarda ɗalibi ya ɗauki furuci daga takarda, sai daga baki.

Yanzu mu dawo ajinmu na ɗaya, nan ne maganar take da nauyi. Yaro ya zo daga gida da Hausa cike da bakinsa. Ranar farko muka tsai da shi, muka sa shi rera "ei, bi, si, di". Waɗannan sunayen haruffa ne da Turanci, ba muryoyinsu ba ne a Hausa. Ku duba ɓarnar da ke ciki. Harafin a mun ce masa "ei" ne. Harafin e mun ce "i" ne. Harafin i mun ce "ai" ne. Gobe a darasin Hausa aka yi shifta, aka ce ya rubuta "ido", sai ya rubuta "edo". Aka ce "kai", sai ya rubuta "ki". Aka ce "ci", sai ya tsaya yana kallon rufi, domin a wurinsa c "si" ne. Yaron bai yi kuskure ba, abin da aka gaya masa ya bi. Amma jan biro ya hau littafinsa, wani lokaci har da bulala, kuma a haka zai kai aji huɗu, ya iya waƙar abacada tun daga farko har ƙarshe, bai iya tashin kalma ɗaya ba. Irin wannan yaro ne ubansa kan duba ya ce bokon nan ba ta karɓe shi ba, gara ya bi shi gonar rake ko lambun tumatir. Yarinya kuwa a ɗora mata talla.

Malamin allo ma yana koyar da sunaye: ba guje, shin mai ruwa, lam ara, nun guda. Amma sunayen da Hausa suke, suna kwatanta siffar harafin, kuma ba a nan yake tsayawa ba. In an gama babbaƙu sai a shiga farfaru, inda kowane baƙi zai ɗauki wasali bisa, da wasali ƙasa, da rufu'a, yaro ya ji ba, bi, bu da kunnensa, ya maimaita har ya zauna. Sannan ne ake barinsa ya haɗa baƙi. A ganina mu a boko babbaƙu muka ɗauka, muka tsallake farfaru, sa'an nan muke mamakin rashin karatu.

Hausa kuwa ta sauƙaƙa mana. Wasulanta biyar ne, a, e, i, o, u, kowanne da dogo da gajere, sai tagwaye biyu, ai da au, kamar a cikin rai da yau. Inda gizo ke saƙa shi ne boko ba ya nuna tsawon wasali, alhali ajami yana nunawa da alif da wau da ya, Girkanci ma ya ware wa dogon o harafinsa. Mu kuwa garin Hunƙuyi da garin masara rubutunsu ɗaya. Dafa abinci da dafa kafaɗa ɗaya. Kai, baƙin da muke rubutawa a allo da baƙin da suka sauka a gidanmu ma ɗaya ne. Ba na kiran a sauya ƙa'idar rubutu, wannan ya fi ƙarfin reshenmu. Abin da nake kira shi ne a bar yaro ya ji bambancin a cikin jimla, ya tafa hannu sau ɗaya ga gajere, ya ja ga dogo. Tagwayen ma suna da halinsu: rai yakan koma "ran" a cikin ran sarki, mai ya koma "man" a man gyaɗa, kyau ya koma "kyan". Ɗan aji uku yana jin daɗin gano wannan da kansa, in an ba shi dama.

Sai haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda suka zauna a rubutunmu tun zamanin Hukumar Talifi a nan Zariya, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta 1939 kuma ta yaɗa su. Yau sai a kawo takardar jarrabawa daga shagon kwamfuta babu ƙugiya ko ɗaya, kafa da ƙafa sun zama abu guda, kara da ƙara haka, sannan a rage wa yaro maki don ya karanta abin da ya gani.

Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen da ya tashi da shi, kuma jihohin Sakkwato da Bauci sun yi aiki da littattafan Mu Karanta, waɗanda ke farawa da muryar harafi da gaɓa. Ba sai mun jira littafi ya iso mu ba. Ina roƙon reshe ya kai wa sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomin nan uku buƙata biyu: a riƙa ba ajin ɗaya ƙwararren malami maimakon wanda ya rage bayan rabon azuzuwa, kuma kada a raba takardar jarrabawar Hausa sai malamin Hausa ya duba ƙugiyoyinta. Namu kuma, zangon farko a jinkirta waƙar "ei, bi, si", a ba muryoyi minti goma kowace safiya, a rufe da shiftar kalma biyar.