Bokitin da ke ƙarƙashin tebur: jawabin 'yan layin kayan miya

  

An ce mu 'yan layin kayan miya mu yi magana a kan tsabtar ganye. To, bari mu fara da namu laifin. Duk kun san bokitin nan da muke ajiyewa a ƙarƙashin tebur, wanda muke yayyafa wa latas da kabeji ruwa don kada su yi yaushi. Daga safe har la'asar ruwan ɗaya ne. A ciki muke ɗauraye karas mai ƙasa, a ciki muke tsoma hannu bayan mun ƙirga kuɗi. Ganye ya yi shar, mai saye ta ji daɗi, mu kuwa ba mu san abin da muka zuba masa ba.

A ajin yaƙi da jahilci malamarmu ta bayyana mana cewa ƙwayoyin cutar taifot da kwalara daga bayan gida suke fitowa, su bi ruwa, su bi hannu da ƙuda, har su shiga baki. Wasu lambunan bakin Jakara da ruwan kwata ake yi musu ban ruwa. Wasu manoman ɗanyen kashin kaji suke zubawa. Kafin kwando ya iso mana daga 'Yankaba, an sauke shi a ƙasa ya fi a ƙirga.

Bara a sunan jikar ɗaya daga cikinmu, aka yanka salak tun hantsi da wuƙar da aka gyara kaji, ba a ci ba sai bayan magariba. Yara da dama suka kwana amai da gudawa. Ɗaya sai da ta yi kwana 3 ana yi mata ƙarin ruwa, kuɗin adashin uwarta kaf a nan ya tafi. Wasu har suna cewa baki ne. Wane baki? Wuƙa ce da zafin rana.

Yanzu ga yadda muke yi. Mukan cire ganyen waje na kabeji da latas mu zubar, sauran mu ware su ɗai-ɗai mu wanke da ruwan da za mu iya sha, ana zubawa yana wucewa. Tumatir da kokwamba a wanke kafin a yanka. Wuƙar nama daban, katakonta daban. Abin da aka yanka kada ya wuce awa 2 a waje. Ruwan gishirin da iyayenmu suka koya mana yana fitar da tsutsa da ƙasa, amma kada ki ɗauka ya gama da ƙwayar cuta. Wuta ce ke kashe ta. Saboda haka in ana kwalara a unguwa, musamman da damina, ɗanyen ganye ya dakata, mai ciki da yara da tsofaffi a ba su dafaffe.

In gudawa ta kama yaro, lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa ba shi ana hanyar asibiti.

Roƙonmu ga ƙungiya shi ne a saya wa kowane layi bokiti mai famfo da sabulu daga asusu, mu biya kaɗan-kaɗan. Wadda ta yarda ta ga ma'aji bayan an ci abinci, ta rubuta sunanta da hannunta.