Ɗalibin Tuƙin Jirgin Sama da Darasin Sauka



An nemi mu yi tsokaci a kan koyon tuƙin jirgin sama, ganin yadda 'ya'yanmu suka fara sha'awar kwalejin nan ta Zariya wadda aka kafa a 1964. Za mu tsaya ne a kan sauka kawai, domin a nan ɗalibi ya fi shan wuya, a nan kuma iyaye suka fi ƙosawa.

Tayar da ƙaramin jirgi ba shi da wahala can; muddin aka ba shi wuta ya sami gudu, zai ɗaga. Sauka ita ce aikin. Ɗalibi yakan kewaya filin a tsayin ƙafa 1,000, sannan ya juyo ya fuskanci iska, ya rage wuta, ya saki maɓallan bayan fukafukai, ya riƙe gudun kimanin kilomita 120 a awa ɗaya a jirgi irin Cessna 172. Idan gudun ya yi yawa, jirgin zai yi ta shawagi a saman titi har titin ya ƙare. Idan ya gaza, fukafukan sai su daina ɗaukarsa.

Daƙiƙun ƙarshe su ne suka fi ba mu kashi lokacin da muke ɗalibai. Sa'ad da ya rage ƙafa 15 ko makamancin haka a taɓa ƙasa, sai a janye wuta, a ɗaga hancin jirgin sannu a hankali, don tayoyin baya su fara sauka. Ido kuwa can ƙarshen titi ake kai shi. Wanda tsoro ya sa ya zura wa gabansa ido, ko dai ya ɗaga hancin da wuri ya faɗo da ƙarfi, ko ya makara tayar gaba ta bugi kwalta jirgin ya shiga tsalle. Wannan awo ba a karanta shi a littafi, sai an maimaita sau da dama. Ga iskar gefe, ga kuma hazon hunturu da kan hana darasi kwana da kwanaki.

A ganinmu, babban abin da malami ke nema shi ne ɗalibi ya san lokacin da zai fasa sauka, ya ƙara wuta ya sake kewayowa, ba tare da jin kunya ba. Mai nacin sai ya sauka ko ta halin ƙaƙa ba a sakar masa jirgi.

Saboda haka muke roƙon iyaye da masu ɗaukar nauyi, idan yaro ya ce an ƙara masa sa'o'i kafin ya tashi shi kaɗai, kada a ɗauka wasa ya yi. Mun san kowace awa kuɗi ce. A tambaye shi dai abin da malaminsa ya ce ya gyara, a kuma tanadi kuɗin ƙarin tun daga farko.