Jawabin Buɗe Baje Kolin Hotunan Rotimi Fani-Kayode



Mutumin da ya tara mu yau an haife shi a Legas a 1955, ɗa ne ga Cif Remi Fani-Kayode, Balogun na Ife kuma mataimakin Firimiyan Jihar Yamma. Juyin mulkin 1966 ne ya raba iyalin da gida, Rotimi ya tsinci kansa a Brighton ta Ingila yana ɗan shekara goma sha ɗaya. Ya yi karatu a Jami'ar Georgetown, ya ƙware a ɗaukar hoto a Cibiyar Pratt da ke New York, sannan ya koma Ingila, ya zauna a Landan a 1983.

Da bakinsa ya ce shi bare ne ta fuska uku: an cire shi daga ƙasarsa, bai zama magidancin da iyayensa suka yi buri ba, kuma namiji ne da zuciyarsa ke son namiji. Da yawa daga cikin masu irin wannan kaya sukan zaɓi ɗaya su binne sauran. Rotimi ya ƙi. Ku tsaya a gaban hoton da ya kira Bronze Head, na 1987, inda ya haɗa kan tagulla irin na Ife da jikin namiji mai rai. A wajen Yarabawa, kai shi ne mazaunin ƙaddarar mutum, kuma Rotimi ya san haka tun daga gidansu. Baƙar fatar da Turawa suka daɗe suna ɗauka kamar kayan kallo, shi ya haskaka ta da girmamawa, ya ƙawata ta da furanni da 'ya'yan itatuwa, kamar ana shirya ta don ibada.

Na san wasu hotunan za su yi wa wasunmu nauyi. Roƙona shi ne ku ba su lokaci kafin ku kau da kai, domin mai su ɗanmu ne, kuma bai ɓoye mana komai ba.

A 1988 ya shiga sahun waɗanda suka kafa ƙungiyar Autograph don masu ɗaukar hoto baƙar fata, ya zama shugabanta na farko. Ya rasu a Disamba 1989 yana da shekara 34 kacal.

Da izinin shugaban taro, na buɗe wannan baje koli. Bismillah, ku shiga.