Ƙwarƙwatar Sama: Littafin da ya Koya wa Talaka Ƙera Jirgi



Na san akwai masu tambaya a zuci: me ya haɗa malamin Hausa da jirgin sama? Littafi ne ya haɗa mu. Mun daɗe muna kiran a rubuta ilmin kimiyya da fasaha cikin harshen da jama'a ke ji, saboda haka ya kamata mu dubi abin da ya faru a wata ƙasa sa'ad da aka yi hakan a kan sana'ar da kuskure a cikinta ajali ne.

A watan Satumba na 1933, wani Bafaranshe mai suna Henri Mignet ya tashi sama cikin wani ɗan jirgi da ya ƙera da hannunsa. Katako ne mara nauyi da yadi da gam, sa'an nan injin babur mai ƙarfin doki 17. Ya sa masa suna Pou du Ciel, wato ƙwarƙwatar sama. Da Ingilishi suka zo fassara, sai suka mai da ita ƙuma. Ko da yake, a ganina, sun fi shi gaskiya, tun da ƙuma ce ke tsalle. Fukafukinsa biyu ne, ɗaya gaba ɗaya baya. Sanda guda ce a hannun matuƙi: in ya ja ta ko ya tura, fiffiken gaba ya ɗaga ko ya sunkuya, in ya karkata ta, jelar jirgin ta juya. Iyakar tuƙin ke nan.

A 1934 ya buga littafinsa, Le Sport de l'Air, cikin Faransanci mai sauƙi, da zane-zane da awo dalla-dalla, yana nufin duk wanda ya iya riƙe guduma da zarto ya iya bi. Aka kuwa bi. Kafintoci da akawuna da makanikai suka duƙufa a bayan gidajensu. A 1935 Mignet ya ƙetare tekun da ke tsakanin Faransa da Ingila cikin jirgin, aka fassara littafin, zazzaɓin ya kama can ma.

Sai aka fara mutuwa. Tsakanin 1935 da 1936 jirage da dama suka kifa da ka, kuma duk salonsu ɗaya. Da farko laifin aka ɗora wa maƙera, aka ce ba su bi awo ba. Amma a 1936 aka shigar da jirgin zauren gwajin iska, a Chalais-Meudon ta Faransa da Farnborough ta Ingila, inda ake hura wa jirgi iska yana ɗaure ana auna halinsa. Nan gaskiya ta fito. Idan matuƙi ya sunkuyar da fiffiken gaba ya wuce wani mizani cikin gudu, iskar da ke bi ta kan na baya sai ta ƙara ɗaga shi, hancin jirgi ya ƙara dulmiya, har ya kai inda jan sanda ba ya da amfani. Mignet bai gamu da wannan ba domin injinsa ƙarami ne. Masu bin littafinsa kuwa da yawa sun sa wanda ya fi ƙarfi. Aibin yana cikin zanen, kuma sauƙin harshen littafin shi ya kai shi kowane gida. Hukumomi suka hana tashi da shi. Mignet ya gyara tsarin fukafukan, amma tsoro ya riga ya shiga zukata.

Abin bai mutu ba, sai dai ya sake kama. A 1953 Paul Poberezny da abokansa suka kafa ƙungiyar masu ƙera jirgi a gida a Milwaukee ta Amurka, kuma tun 1970 taronta na shekara-shekara a garin Oshkosh ake yin sa. Dokar Amurka ta yarda mutum ya ƙera, muddin fiye da rabin aikin shi ya yi, don neman ilmi ko nishaɗi. Amma sai mai duba aiki ya duba, sai an rubuta a jikin jirgin cewa na gwaji ne, sai kuma an yi sa'o'i masu yawa, galibi 25 ko 40, ana gwada shi a keɓaɓɓen wuri kafin a ɗauki fasinja. Ba a hana talaka guduma ba. An dai hana shi zama alƙalin aikinsa.

Mu ma nan mun ɗanɗana amfanin wannan tsari. Jirgin koyon tuƙi da ake kira Air Beetle, wanda aka harhaɗa a Kaduna domin mayaƙan sama na Nijeriya, asalinsa samfurin RV-6A ne na Richard VanGrunsven, wanda aka tsara domin mutum ya sayi sassansa ya haɗa a garejin gidansa.